Ranar da Na Karanta Tarihin Maikibiya a Gidan Surukai

Ko tsufa zai sa in manta ranar aurena, ba zan taɓa mantawa da ranar da aka je nema mini auren ba. Wata Asabar ce a farkon shekarar 2006, a Rikoto, kuma har yau in ta faɗo mini a rai ina cikin cin tuwo sai in ajiye lomar.

Bari in fara da sunan, tunda shi ya ja mini. Sunan gidanmu Maikibiya. Shi ne a takardar fanshon kakana, shi ne a kan aljihun kakin babana, shi kuma malamai ke kira a rajista tun ina aji ɗaya. Ni ɗan soja ne jikan soja, kamar yaran Zuru da dama. A bariki na tashi, yau nan gobe can, shi ya sa yarenmu na C'lela ina ji sarai, amma in na buɗe baki zan mayar sai tsofaffi su fara kallon juna. Da babana ya rasu muka dawo gida, na gama kwalejin horon malamai, na sami aikin koyar da tarihi a wata sakandare. Shekarata ashirin da takwas a lokacin. Ina da babur, ina da tabarau (na gayu ne, idona lafiya lau), ina kuma da yaƙinin cewa duk garin ba wanda ya kai ni sani.

Wata rana a ofishin malamai wani abokin aikina ya dube ni ya ce, "Malamin tarihi, kai da ka san kakannin sarakunan duniya, shi wannan Maikibiya naku wane ne?" Ashe ban san shi ba. Aka yi dariya aka wuce. Kowa ya manta da maganar kafin a kaɗa ƙararrawa, ban da ni.

Wata huɗu na yi ina abin da na kira bincike. Duk Asabar in hau babur. Na bi jerin sunayen masu zaɓe da aka taɓa liƙawa a bangon firamare, na roƙi sakatarorin coci suka buɗe mini littattafan baftisma, na duba tsofaffin rajistocin makarantu, har allon shago ban bari ba. Duk inda na ga Maikibiya sai in rubuta. Na sami gidaje a cikin Zuru, na sami wasu a Rikoto, wasu a Manga, har da wani mai gyaran rediyo a Mahuta. Wasu Kirista, wasu Musulmi. Na je wani shagon intanet a Kwantagora na buga sunan a kwamfuta, na yi rabin awa ina jira, ba abin da ya fito. Maimakon jikina ya yi sanyi, sai na ce lallai Turawa ne suka ɓoye tarihinmu don hassada.

Ka lura, duk yawon nan ban zauna da tsoho ko ɗaya na tambaye shi ba. Sunaye nake ƙirgawa a takarda. A ganina tsofaffi tatsuniya za su ba ni, ni kuwa ilimi nake nema.

Da na tara sunayen sai na zauna na haɗa su da tunanina. Ma'anar sunan a fili take: mai kibiya. To wa zai yi suna da kibiya in ba jarumi ba? Kuma kowa ya san mutanenmu sun kare duwatsunsu da kwari da baka a zamanin hare-hare. Shi ke nan, na sami kakan kakanni: wani barde da ya tsaya a kan dutse shi kaɗai ya kori mahara. (Kar ka tambaye ni inda na samo shi. Ni ma da na sake karantawa sau uku sai na yarda da shi.) Daga nan na zana bishiyar zuriya. Gidanmu na sa a tsakiya, babban reshe, tunda mu muka gaji aikin soja. Sauran na rarraba su gefe-gefe. Na kai aka buga mini a kwamfuta, shafi goma sha huɗu, da bango shuɗi: Tarihin Zuriyar Maikibiya. Na yi kwafi talatin na raba wa duk wanda ya tsaya ya saurare ni.

To a daidai wannan lokacin nake neman Rifkatu. Ma'aikaciyar jinya ce, a ƙungiyar mawaƙan coci muka haɗu, kuma ina son ta son da ban iya ɓoyewa ba. In ta shigo ina waƙa sai in tsallake baiti. Matsalar ita ce ba ni kaɗai ba ne. Akwai wani jami'in kwastan mai mota da yake ta aike gidansu, kuma na ji ƙishin-ƙishin cewa babanta ya fi karkata can. Ni ba mota, ba gida, sai babur da tabarau. Sai na ce a raina, abin da nake da shi wanda ɗan kwastan ba shi da shi, asali ne.

Ana jibi za a je nema mini aurenta, Rifkatu ta tare ni bayan an tashi daga koyon waƙa.

"Na ji an ce za ka bi su Baba Sajan."

"Zan bi su."

"To don Allah ka zauna a baya, ka sunkuyar da kai. Ba a son saurayi ya yi magana a wurin nan. Ko an tambaye ka, ka bar manya su amsa."

"Haba, kamar wani yaro."

"Ni dai na faɗa maka."

Na ce mata na ji. Na kuwa ji, domin har na maimaita mata. Na koma gida na goge babbar rigata, na zura kwafi uku a aljihu.

Baba Sajan ƙanin babana ne, tsohon soja, mutum mai ƙarancin magana da yawan gyaran murya. Shi ne wakilina, tare da wani dattijon cocinmu. Muka isa Rikoto da hantsi. An shimfiɗa tabarmi a inuwar mangwaro a tsakar gida. Baban Rifkatu na zaune da 'yan'uwansa biyu, mata kuma na bayan zana, ana jin motsin kwanoni da ƙus-ƙus. Can gefe a kan kujerar tsuguno akwai wani ɗan tsoho ƙanƙani, sanye da kwat ɗin da ta yi masa yawa da hular ulu, yana ɓare gyaɗa. Na ji ana ce masa Baba Tsoho. Na gaishe shi a tsaitsaye, na ɗauka irin maƙwabtan nan ne da ba sa wuce taro.

Aka yi addu'a, aka kawo kunu, aka gaisa aka sake gaisawa. Baba Sajan ya faɗi abin da ya kawo mu. Sai baban Rifkatu ya yi tambayar da ake yi a ko'ina a ƙasarmu: "Yaron, wane gida ya fito?"

Ashe tambayar nan ba ta neman kirari ba ce. A wajenmu ba a auren dangi na jini, ko ta uwa ko ta uba, shi ya sa ake bin gida-gida a tabbatar ba a haɗa kaka ba. Amsa biyu ce ko uku, wakili ya faɗa a wuce. Ni kuwa ɗan bariki sai na ji kamar an buɗe mini fili. Baba Sajan ya fara gyaran murya, kafin ya gama na miƙe tsaye.

"Baba, in an ba ni izini, wannan tambayar na yi bincike a kanta."

Baba Sajan ya ja bakin rigata. Na ɗauka gyara mini ita yake yi, har na ce masa na gode.

Na gyara tabarau na fara. Na kawo barde a kan dutse, na kawo mahara suna gudu suna zubar da takalma. Na lissafo garuruwan da zuriyarmu ta bazu. Na ɗaga bishiyar na zagaya da ita kowa ya gani, kamar a aji. Ba wanda ya ce uffan, ni kuwa na ɗauka ilimi ne ya kama su. Ɓarar gyaɗa kawai ake ji. Har na iso shafi na tara, wanda ko yanzu zan iya kawo shi da ka: "Amma reshen Manga ƙaramin reshe ne. Ba su gaji jarumtar kaka ba, sai suka tsaya noma."

Nan ɓarar gyaɗa ta tsaya.

"Malam," in ji ɗan tsohon, da 'yar muryarsa. "Mi ka ce game da mutanen Manga?"

Na maimaita masa, da ƙarfi, don na zaci kunne ne.

"To. Kuma ka ce duk mai wannan suna jini ɗaya ne?"

"Jini ɗaya ne, Baba. Daga Zuru har Mahuta."

"Ka tabbata?"

"Na tabbata. A rubuce yake."

"Ba kuskure?"

"Baba, aikina ke nan. Tarihi nake koyarwa."

Ya kaɗa kai, ya karkaɗe ɓawon gyaɗa daga kwat ɗinsa. "Madalla. Ni ne Maikibiya na Manga. Uwar yarinyar nan ɗiyata ce, ta cikina."

Ka san yadda ake yi, ba wanda ke kiran uwar budurwarsa da suna. Maman Rifkatu na sani, Maman Rifkatu kowa ke cewa. Ban taɓa tunanin tana da sunan gidan uba ba, balle in tambaya. Wata huɗu ina ƙirga Maikibiya a bangon firamare, ga guda ina durƙusa mata duk Lahadi.

Baban Rifkatu ya dubi 'yan'uwansa, sannan ya dube ni. Ba fushi a fuskarsa, kuma wannan ya fi tsorata ni. "Ashe ƙanwarka ka zo nema," in ji shi. "To ai sai mu gode wa Allah da ka yi bincike kafin a yi ɓarna."

A bayan zana wani kwano ya faɗi. Na san hannun wa ya sake shi.

Gaskiya na ji tsoro, tsoro na gaske. Gumi ya sauko mini har cikin safa. Ga ni tsaye da takarda a hannu, na yi shaida sau uku a gaban dattawa cewa ni da yarinyar da nake so kakanmu ɗaya. Ɗan kwastan bai ɗaga ko yatsa ba, ni da kaina na share masa hanya, da bango shuɗi. Na juya wajen Baba Sajan ina neman ceto. Ya rufe ido kamar mai addu'a, ya daɗe a haka, sannan ya ce wa dattijon cocinmu, "A ɗauko Kaka."

Kaka ita ce mahaifiyar babana, ta haura tamanin. Gida ɗaya muke kwana da ita, ɗakina na kallon nata, ita na ba kwafi na farko ta sa a ƙarƙashin tulu don kar ya jiƙa ƙasa. Minti ashirin da aka yi ana jiranta su ne mafi tsawo a rayuwata. Ba wanda ya ce in zauna, ni kuma na kasa zama da kaina. Can sai ga ta a bayan ɗan kabu-kabu, ta riƙe shi gam, hannunta duk garin dawa, ashe daga tankaɗe aka ɗauko ta.

Tana hango ɗan tsohon ta tafa hannu. Suka shiga gaisawa da C'lela, suna tambayar mutanen da suka mutu tun kafin a haife ni. Ya gaya mata abin da ya faru a taƙaice. Ta dube ni daga hula har takalmi, sannan ta ce za ta yi da Hausa don ɗan bariki ya ji da kyau.

"Mijina sunansa Tanko. Tanko kawai. Ubansa awaki uku gare shi, ɗaya gurguwa. Da ya ce yana so na, sai ya shiga golmo a gonar ubana."

(Golmo, ga wanda bai sani ba, shi ne noman da saurayi ke yi wa iyayen yarinya, shekara bakwai, kafin a ba shi ita. Da shi ake gane namiji a da.)

"Shekara uku ya yi," in ji Kaka. "Ban taɓa ganin rago irinsa ba, Allah ya ji ƙansa. Kunya biyu zai huɗe ya ce ƙugunsa. In an neme shi sai a same shi a gindin ɗorawa ya rufe fuska da ganye. Ubana har ya fara cewa a nemo wani."

Ɗan tsohon ya karɓa. "Lokacin ne masu ɗaukar soja suka zo, zamanin yaƙin Bature. Yayana suka auna, tsawo da ƙirji, suka rubuta shi da sunan ubanmu. Ran da mota ta zo, innarmu ta tura shi cikin rumbu ta rufe, ta zauna a gindin rumbun tana kaɗi. Aka kira Maikibiya, shiru. Aka sake kira, shiru. A na uku sai ga Tanko ya jefar da garma ya ce ga shi. Ina tsaye a wurin, ban wuce shekara goma sha biyu ba. Ya haye mota ba ko waiwaye."

Mata a bayan zana sun daina ɓoye dariyarsu. Ni kuwa, da yake ban gama hankali ba, sai na nemi abin da zan tsira da shi. "Amma dai Kaka, ya yi yaƙin ai?"

"Kuku ne. Hafsoshi yake dafa wa abinci. Duk waɗanda suka tafi shi kaɗai ya dawo da ƙiba. Ya kawo wa ubana bargo da takalmin soja, aka yafe masa shekara huɗu. Sunan kuma ya riga ya hau takardar albashi, wa zai taɓa?"

Baba Sajan na kallon ƙasa. Ashe ya sani, duk manyan gidanmu sun sani, ba dai a faɗa ne.

"To shi Maikibiya na ainihi fa?" in ji ni. "Barden?"

"Ubana ke nan," in ji tsohon. "Kibau yake haɗawa ya kai kasuwa. Abu ɗaya na san ya taɓa harbi, kazar maƙwabcinmu, shi ma gwaji yake yi."

Aka bari dariya ta lafa. Sannan ya gyara zama ya dube ni, kuma a nan na gane tun shigowarmu ya san ko ni wane ne.

"To Malam, magana biyu ce a gabanmu. Ta takarda da ta tsohuwa. In ta takarda ce gaskiya, ku shanye kununku ku tahi, mun gode da zumunci, yarinya kuma tana da wani manemi. In ta tsohuwa ce, sai mu ci gaba. Kai ne malamin tarihi. Wacce za mu ɗauka?"

"Ta tsohuwa," na ce, ina kallon takalmina.

"Kunnena ya tsufa."

"Ta tsohuwa ce gaskiya, Baba."

"Wato kakanka?"

"Gudun noma ya yi."

"Sunan kuma?"

"Naku ne. Aro muka yi."

"Sau uku ka tabbatar mana da waccan. Saura ɗaya."

Na sake faɗa, a tsaye, da babbar riga, mata na leƙowa ta ramukan zana. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma ban taɓa jin sanyi a rai irin na lokacin da baban Rifkatu ya ce, "To, tunda ba dangi ba ne, zauna." Daga baya ya gaya wa Baba Sajan cewa abin da ya sa ya ba ni shi ne ya ga zan iya cin ƙasa a gaban mutane saboda 'yarsa. Ban sani ba ko yabo ne, amma na karɓa.

Sai dai tsohon bai gama da ni ba. Ya ce shekara sittin da ɗoriya muna yawo da sunansu ko goro ba mu taɓa kai musu ba, ga shi kuma na rubuta cewa su suka tsaya noma. "Damina na zuwa. Ka zo Manga ka ga yadda ake tsayawar." Aka yanke mini golmo na damina ɗaya, duk Asabar.

Kafin ruwa ya sauka na bi gida-gida ina karɓo kwafin da na raba, a wannan karon ina tambaya. Wani gida a Rikoto, kakansu a hannun mutanen Manga ya yi makaranta, hedimasta ya rubuta shi da sunan mai riƙonsa. Mai gyaran rediyon Mahuta kuwa sunan ubangidansa ne da ya koya masa aiki, ya gaji shagon da allon gaba ɗaya. Shi ya ƙi ba ni nasa kwafin ma, ya ce barden ya yi masa, ba ya mayarwa. Wato rabin zuriyar da na ƙirga 'yan aro ne irina.

Asabar ta farko a Manga, tsohon ya sa aka kai masa kujerarsa bakin gona, ya zauna da gyaɗarsa. Na kama garma da ƙarfina, na huɗe kunya ɗaya, na huɗe ta biyu, sai na ji wani abu ya riƙe mini ƙugu. Na miƙe a hankali na dafa bayana, idona kuma ya sauka a kan wata ɗorawa mai inuwa.

"Awo," in ji tsohon. "Wannan kam jikan Tanko ne. Ba sai an yi bincike ba."

Na dai gama daminar, da kumburin hannu da man zafi. A watan Disamba aka ɗaura aure. Da aka miƙo mana rajistar coci, na ga Rifkatu ta rubuta sabon sunanta da manyan baƙaƙe, har da ja masa layi. Na raɗa mata cewa ashe dai tana alfahari da sunan mijinta.

"Wane mijin?" in ji ta. "Kayan gidanmu na karɓo."

Tun daga ranar, in ɗalibi ya zo mini da zumuɗin binciken asalin gidansu, ba na hana shi. Nakan ce ya fara da tsohuwar da ke tsakar gidansu, ya tambaye ta su biyu kawai, ƙofa a rufe. Abin da za ta faɗa masa ba lallai ya yi daɗi ba, amma gara ya ji shi a zaune a ɗakinta da ya ji shi a tsaye a gidan surukai.